Tambaya kan Pran, bos din tsofaffin finafinan Indiya

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa, don Allah masu kallon Indiya na da ina da tambaya. Mutumin nan Pran kusan duk fim din baki da fari da na kunna sai na ganshi yana mugunta, wai shi bai taba fitowa jarumi bane? Kuma me yasa ake ware sunansa a karshe shi kadai bayan an jero na kowa?

Mai_Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ya fito jarumi mana, a Lahore ya fara wasa a 1940, a 1942 ma shine jarumin Khandaan tare da Noor Jehan, to da aka raba Indiya da Pakistan a 1947 sai ya tattara iyalinsa ya koma Bombay, can kuma babu wanda ya damu da sunan da yayi a baya, sai da yayi watanni yana zaman jiran aiki kafin ya samu Ziddi a 1948 da Dev Anand, daga nan bos ya bishi. Sunan da kake gani a karshe kuwa girmamawa ce, don akwai masu yankar tikiti saboda shi kawai.

Maman_Ilham:
Wlh har yau in na tuna bulalar da yake zabgawa Dilip Kumar a Ram Aur Shyam sai raina ya baci, kakata in ya bullo a talabijin tsaki take ja tana Allah ya isa, ita a wajenta halinsa ne na gaske. Ba ihu yake ba fa, ido kawai zai kankance ya busa hayakin sigari a hankali.

Mai_Rediyo:
Ai nan gwanintar take Hajiya. Ki duba Raka, dan fashin da ya fito a fim din Raj Kapoor na 1960, kullum yana shafa wuyansa da yatsa saboda tsoron igiyar rataya, abu kadan amma ya gaya miki duk abinda ke cikin mutumin.

Abban_Zinder:
Ku kara da cewa a 1967 Manoj Kumar ya bashi Malang Chacha a Upkar, gurgu mai sanda mai kirki, mutane suka yi ta kuka saboda wanda jiya suke tsinewa. Ni abinda ke min ciwo babbar lambar yabo ta finafinan Indiya wato Dadasaheb Phalke sai 2013 ta iso hannunsa yana da shekara 93, a gida aka kai masa don baya iya fita, a watan Yuli kuma ya mutu. Dan_Fagge ka nemi Madhumati na 1958 ka fara da shi.