Sayen Douglass aka yi ko fansarsa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'ar zaure. Duk watan Fabrairu, watan tunawa da tarihin baƙaƙen Amurka, sai an cika mana waya da hoton Frederick Douglass, bawan nan da ya tsere ya zama jagoran yaƙi da bauta, ana ta gwarzo, gwarzo. To yau zan faɗi abin da ba a son ji. Bayan yaƙin basasar Amurka mutumin nan ya juya wa talakawan da suka fito daga bauta baya. A 1874 yana shugaban bankin 'yantattun bayi bankin ya durƙushe da kuɗin mutane. A 1879 da baƙaƙen kudu suka kwashi komatsansu suka nufi Kansas saboda kisa da zalunci, cewa ya yi su zauna inda suke, shi kuwa yana Washington yana cin muƙami. Ba abin mamaki ba ne ga mutumin da tun farko Turawan Ingila ne suka saye shi. Wanda ya isa ya musa.

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, janye kalmar "saye". Ba wanda ya sayi Douglass a Ingila. Ya tsere daga Baltimore ranar 3 ga Satumba 1838, shekara takwas kafin a yi maganar kuɗi. Abin da ya faru a Disambar 1846 fansa ce. Ellen Richardson da Anna Richardson na Newcastle suka tara fam 150, wato dala 711 da 'yan kai, aka biya Hugh Auld, na gidan iyayengijinsa, ya sa hannu a takardar 'yantawa. Mai saye mallaka yake yi. Su wa suka mallaka?

Ɗan Birni: Malam, an ba da kuɗi, an karɓi mutum. A kasuwar garinku me ake kiran wannan?

Akawu: Ku bi takardun a jere za ku ga inda gizo ke saƙa. A doka Thomas Auld ne ubangijinsa, ba Hugh ba. Sai da Thomas ya fara miƙa wa ɗan'uwansa Hugh mallaka a rubuce a kan dala 100, sannan Hugh ya rubuta takardar 'yantawa aka yi mata rajista a Baltimore. Ke nan takarda biyu ce. Ta farko ciniki ce tsantsa, tsakanin 'yan gida ɗaya. Ta biyu 'yantawa. Ɗan Birni ya riƙe ta farko, Malam ya riƙe ta biyu.

Mai Alli: A'a Akawu, kada ka raba mana gardama biyu don a zauna lafiya. Ɗan Birni cewa ya yi Turawan Ingila suka saya. A wace takardar sunansu ya fito a matsayin masu shi?

Baban Yara: Ai ba Ɗan Birni ne ya fara wannan ƙorafin ba. Wasu daga cikin mutanen William Lloyd Garrison, jagoran masu yaƙi da bauta, da kansu sun yi tir da biyan. Henry C. Wright ya rubuta masa wasiƙa yana roƙonsa kada ya amince, domin biyan ko sisi amincewa ne cewa Auld yana da haƙƙi a kansa. Douglass ya amsa cewa abin kamar mutum ne ya miƙa wa ɗan fashi kuɗi don ya tsira da ransa, wannan bai halasta fashin ba. Kuma ku duba halin da yake ciki. A littafinsa na 1845 ya faɗi sunansa na asali, Frederick Bailey, ya faɗi sunan iyayengijinsa da garuruwansu. Dokar kamo bayi ta 1793 tana aiki. A lokacin yana Ingila, da ya koma Amurka ya sauka daga jirgi ba takarda, kowane maharbin bayi zai iya damƙe shi a titi.

Ɗan Birni: Baba, ka ga ka taimake ni. Abokan gwagwarmayarsa ma sun ce ciniki ne.

Baban Yara: Ban taimake ka ba, yaro. Na faɗi wanda ya ce da wanda ya amsa.

Ɗan Zongo: Ni abin da ya yi a 1838 ne ya fi kama da namu. Murgu ne sak. Ya yi yarjejeniya da Hugh Auld zai nemi aiki da kansa a ma'aikatar jiragen ruwa, yana cusa zaren tsohuwar igiya a tsakanin katakon jirgi da kurfi da guduma, a bi da kwalta mai zafi don kada ruwa ya shiga. Dala ɗaya da rabi a rana in an samu aiki. Sharaɗi: dala 3 duk ƙarshen mako ga Auld, ko an yi aiki ko ba a yi ba, sannan ci da sutura da kayan aiki duk a wuyansa, jimla kusan dala 6 a mako. In ruwan sama ya hana aiki, asarar tasa ce. Abin ya watse a watan Agusta, da ya tafi taron wa'azi bayan gari ranar Asabar bai kawo kuɗin a kan lokaci ba. Auld ya soke yarjejeniyar, shi kuma ya tsayar da ranar gudu.

Mai Alli: Murgu dai kam, amma kada a haɗa shi da fansar kai. A ƙasar Hausa murgu kuɗin da bawa ke biya ne don a bar shi ya nemi na kansa, yana nan bawansa. Fansa daban, ana yanka kuɗi ya biya ya fita. A fiƙihu kitaba ke nan, tana cikin Suratun Nur aya ta 33. Douglass bai taɓa samun yankan fansa daga Auld ba a Baltimore.

Ɗan Zongo: Wa ya ce ɗaya ne, Malam? Karanta abin da na rubuta tukuna.

Mai Alli: Na karanta. "Sak" ɗin ne ya yi yawa.

Hajiya Ta Gabas: Kun yi ta fam 150, fam 150, ba wanda ya ambaci kuɗin da ya fitar da shi daga Baltimore tun farko. Anna Murray, 'ya ce ba baiwa ba, tana aikatau a gidajen Turawa. Ajiyarta ta ba shi, ita ta haɗa masa kayan matuƙan jirgi: jar riga, hular matuƙa, baƙin ƙyalle a wuya. In fansa kuke nema ga ta nan, daga hannun baƙar mace. Ta riƙe gida shekara 44, ta haifa masa 'ya'ya biyar, ta rasu a 1882, a littattafansa uku an ba ta 'yan layuka kawai. Ba a cika shekara biyu ba ya auri Helen Pitts.

Ɗan Birni: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Baturiya kuma! Ga sayen na biyu.

Hajiya Ta Gabas: Kada ka jingina da ni. Ni haƙƙin Anna nake nema, ban ce auren haramun ba ne. Dangin Helen ma sun juya mata baya a kansa.

Akawu: Tunda an zo kan gudun, kayan kaɗai ba su isa ba. Baƙin da ba bawa ba dole ya nuna takardar 'yanci, kuma a wurin sayen tikiti ake duba ta da kyau, a gwada tsawo da launi da tabo. Shi takardar kariyar matuƙan jirgi ya aro, kuma siffar da ke ciki ta mutum ce da ya fi shi duhu sosai. Shi ya sa bai je layin tikiti ba. Ya sa wani mai keken doki ya kawo masa kaya daidai lokacin tashi, ya faɗa jirgin ƙasa yana tafiya. A ciki kwandasta yana sauri, ya ga hoton mikiyar Amurka a saman takardar, ya karɓi kuɗi ya wuce. Daga nan Havre de Grace, a ƙetare kogin Susquehanna a jirgin fito, jirgin ƙasa zuwa Wilmington, jirgin ruwa zuwa Philadelphia, sai New York, duk ƙasa da awa 24. Bai bayyana wannan hanya a rubuce ba sai 1881, don kada a toshe wa na baya.

Ɗan Zongo: Kuma mu muna da namu da ba a yi wa biki. Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Zugu, wato Djougou a Benin ta yau, uwarsa Bakatsiniya. An kai shi Brazil, ya tsere a New York a 1847 daga jirgin da ya kawo kofi, tarihinsa ya fito a Detroit a 1854. Ba wanda ya biya masa ko anini. Bahaushe ya ƙwaci kansa.

Baban Yara: Bahaushe ta ina? Zugu kasuwar Dandawa ce a hanyar Gwanja, kuma ɗa ubansa yake bi.

Ɗan Zongo: Baba, da mu 'yan zango ne za ku ce ba Hausawa ba ne, mun saba.

Baban Yara: Ni ban ambaci zango ba. Sannan littafin nasa wani Samuel Moore ne ya tsara shi. Douglass da hannunsa ya rubuta nasa, mutumin da ya koyi rubutu ta kwaikwayon haruffa huɗu da kafintoci ke yi wa katakon jirgi alama da su. Ba sa'o'in juna ba ne.

Ɗan Birni: Har yanzu ba wanda ya taɓa maganar banki da Kansas.

Akawu: Bankin a Maris 1874 aka ba shi, aka rufe a ƙarshen Yuni. Ɓarnar ta riga shi: tun 1870 aka sassauta dokar bankin, amintattunsa Turawa suka riƙa ba abokansu rance ba jingina mai ƙarfi, rikicin kuɗi na 1873 ya ƙarasa shi. An kawo shi ne don sunansa ya kwantar wa masu ajiya hankali. Ya zuba dala 10,000 tasa, daga baya ya ce gawa aka aura masa. Laifinsa shi ne ya karɓi kujera bai fara duba littattafan ba.

Ɗan Birni: To ka ga! Da sunansa aka yi talla. Haya ce ko saye?

Mai Alli: Ka sake dawo da kalmar nan?

Hajiya Ta Gabas: Ku dai maza ku yi ta yi.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa. Zaure ya gamsu cewa Douglass da ƙafarsa ya fita a 1838, kuma kuɗin 1846 fansa ce kamar yadda Malam Mai Alli ya tabbatar da hujja. Akawu ya wanke shi tas a kan banki. Hajiya ta tuna mana alherin matarsa ta fari, mun gode. Maganar murgu da ta Baquaqua ba su cikin maudu'i. Ɗan Birni bai kawo wata hujja ba. An rufe.

Akawu: Ranka ya daɗe, ban ce tas ba. Na ce ya karɓi kujera bai duba littattafai ba.

Ɗan Birni: Kansas fa? Shugaba, ɗalibin Malam ne kai, kowa ya sani.

Mai Kula da Zaure: Na ce an rufe. Mai son Kansas ya buɗe nasa gobe.