Muhawara: Shin a Woodstock aka haifi sana'ar haɗa sautin bikin fili?

Mai Lasifika: Ni dai ina nan kan bakana. A Woodstock, babban bikin kiɗa na fili a Amurka, aka haifi sana'ar nan, watan Agustan 1969. Bill Hanley, mai haɗa sautin bikin, ya ɗora lasifikoki bisa dogayen hasumiyoyi, ya ja su da amfilifayoyin McIntosh, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, ga mutum wajen 400,000 zube a gonar mai kiwon shanu. Kafin nan me ake da shi in ba hayaniya ba?

Malam Mai Rediyo: Ƙanena, ka ɗauko labari daga tsakiya. Hanley ba daga sama ya faɗo ba. Ya yi shekaru yana haɗa sauti a bukukuwan Newport kafin a neme shi. Ina ka bar bikin Monterey, Yunin 1967, inda Abe Jacob ya riƙe sautin?

Ɗan Gareji: Duk kun tare a Amurka. A Ingila, a 1967 ɗin dai, Charlie Watkins na kamfanin WEM ya jona amfilifayoyi, wannan na ciyar da wancan, har wat 1,000 a bikin Windsor.

Mai Lasifika: Wat 1,000? Yau ko walimar unguwa ta fi haka.

Ɗan Gareji: Yau ka ce, yaya. A lokacin abin a riƙe baki ne.

Hajiya Mai Karatu: Ku bar gardamar wa ya riga wa. Wahala ce ta haifi sana'ar. A 1965 Beatles, mawaƙan nan na Ingila, suka yi wasa a filin wasanni na Shea a New York gaban mutum sama da 55,000, muryarsu na bin lasifikar sanarwar filin. Ihun jama'a ya haɗiye komai, su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa.

Malam Mai Rediyo: Gaskiyarki, Hajiya. Kuma ko Woodstock bai kashe bakin matsalar ba. Sauti na cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, wanda ke can baya sai ya ga an bugi ganga kafin ya ji. In ka kafa masa lasifika kusa ba tare da ka jinkirta sautinta ba, sau biyu zai ji. A bikin Watkins Glen na Amurka, 1973, aka jera hasumiyoyi cikin taron ana jinkirta sautin kowacce daidai nisanta.

Mai Lasifika: To Malam, na janye kalmar "haihuwa". Amma a bar min cewa a Woodstock aka yi suna.

Ɗan Gareji: Sunan ma ai da raguna biyu aka yi shi, ɗaya daga Ingila ya zo.