Wai me ake zubawa cikin siminti ne yanzu?

BakatsineKK: Salam jama'a. Ina gini a wajen Ƙofar Ƙaura, filastar da aka yi min duk ta tsattsage tun ba a kai ga fenti ba, birkila ya ce wai laifin kamfani ne, sinadarai suke zubawa yanzu shi ya sa simintin ke saurin kamawa. Don Allah masana gaskiya ne ko kare kansa yake?

Injiniya_Daura: Wa alaikumus salam Alhaji. Ana zubawa kam, amma ba yadda ya faɗa maka ba. Dutsen farar ƙasa da yumɓu ake ƙonawa a wuta mai zafin kusan digiri 1450 su dunƙule su zama kilinka, to wajen niƙa sai a sa jifsam, wani farin dutse mai laushi, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma aikinsa ma ya jinkirta kamawa ne, da babu shi kafin lebura ya kawo kwano ɗaya kwaɓin ya sandare. Akwai ɗan sinadarin da ke hana garin manne wa injin niƙa, kaɗan ne ainun. Sai garin farar ƙasa da ake ƙarawa. Ko masana'antar siminti ta Kalambaina ko ta Obajana ko ta Ashaka duk haka ake yi. Duba jikin buhunka, 32.5 ko 42.5, ƙarfin da zai kai ke nan bayan kwana 28.

MaiBulo_Marusa: Yallabai ka tambayi birkilan da wane lokaci ya yi shafen kuma kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa. Zafin bazarar nan tamu in ka shafa da azahar bango ya tsotse ruwan nan take dole ya fashe. Mu bulo safe da yamma muke bayi, aƙalla mako guda.

BakatsineKK: Kwana biyu kawai aka ba shi. Kuma na ga yaransa suna barbaɗa omo a ruwan kwaɓi.

Injiniya_Daura: Subhanallah, ka hana su yau ɗin nan Alhaji. Omo yana sa kwaɓi santsi a cokali amma kumfa yake bari a ciki, ƙarfi ya ragu. Gishiri kuma kada ya kusanci dakin, wato kankaren bene, tsatsa yake sa wa rodi. In laushi suke so akwai sinadarin da aka yi don haka a shagunan kayan gini, da ma'auninsa a jikin jarka.