Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan gas na tirelar tafiye-tafiye

To jama'a maganar da aka yi kan yadda za a kauce wa haɗarin gas a tirelar da ake kwana a ciki yayin tafiya ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya ce a fara da na'urar gano yoyon gas, kuma a kafa ta ƙasa kusa da daɓe, don propane, wato gas ɗin da ke cikin tukunya, ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa. Tana tsufa fa, yawanci shekara 5 zuwa 7, a duba kwanan watan da ke jikinta. A haɗa da ta gano kabon monoksaid, wato iska mai guba marar wari da ke fitowa daga ƙonewar gas.

2. Tiyo in ya bushe ko ya fara tsagewa a canza kawai. Regileta, wato abin da ke rage ƙarfin gas daga tukunya, a sa mai mataki biyu, ƙofar iskarta ta kalli ƙasa.

3. Gwaji da ruwan sabulu a kowace mahaɗa, in ka ga kumfa na tashi akwai yoyo. Ashana kam a'a, don Allah.

4. Kar a cika tukunya fiye da kashi 80.

Inda aka rabu shi ne firji mai aiki da gas, wasu suna barinsa a kunne a kan hanya, wasu sun ce a rufe tukunya gaba ɗaya tun kafin a tashi, ni ma nan nake gaskiya. Amma a gidan mai duk sun yarda a kashe komai. Bawul mai katse gas da kansa in tiyo ya tsinke ma wasu sun yaba, wasu sun ce ba ya tsayar da ƙaramin yoyo.