Neman taimako: wane ɗan kifi ne wannan mai ɗige-ɗige da na gani a tsaunukan Cederberg?

Ɗalibar Halittu:
Assalamu alaikum. A wata ziyarar karatu da muka kai Afirka ta Kudu, na ɗaga wani dutse a wani rafi da ke gangarawa kogin Olifants, kusa da garin Citrusdal, sai ga ɗan kifi da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya lafe a ƙarƙashinsa. Fatarsa sumul take, launinsa ruwan ƙasa mai ratsin rawaya, da baƙaƙen ɗige-ɗige, kuma yana da gashin baki. Na ɗauki hotonsa a cikin roba, na mayar da shi ruwa. Abokin tafiyata ya dage cewa ɗan tarwaɗa ne da bai girma ba, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ta yaya zan tantance?

Malam Mai Koma:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, fara da ƙirga gashin bakin. Tarwaɗa tana da guda 8, kuma fiffiken bayanta dogo ne tun daga bayan kai har kusan wutsiya, ba shi da ƙaya. Idan naki 6 ne, fiffiken baya gajere mai ƙaya, sannan akwai wata 'yar tsoka tsakaninsa da wutsiya, to batun tarwaɗa ya faɗi. Kurungu ma 6 gare shi, sai dai gashin haɓarsa yana da rassa kamar jijiyar shuka.

Ɗalibar Halittu:
Na sake duba hoton, Malam. Guda 6 ne, ba rassa, kuma tsokar tana nan.

Tsohon Malamin Kifaye:
Da farko ina yaba miki da kika ambaci Citrusdal, domin koguna fiye da ɗaya ne ke amsa sunan Olifants a ƙasar, kuma wanda ke arewa maso gabas, mai haɗewa da Limpopo, kifayensa daban ne ƙwarai. Wanda kika je shi ne na lardin Western Cape, kuma siffar da kika bayar ta kai mu ga dangin Austroglanis, waɗanda nau'i uku ne kacal a duniya. Na farko, sclateri, a kogunan Orange da Vaal yake zaune, saboda haka mun cire shi. Saura gilli da barnardi, kuma a nan ake yawan yin kuskure, don sukan zauna a rafi ɗaya, wani lokaci ma a gurbi ɗaya.

Gilli yakan kai kimanin santimita 16, launinsa kusan bai ɗaya ne, ƙayoyinsa miƙaƙƙu ne masu ƙarfi. Barnardi kuwa bai cika wuce santimita 8 ba, jikinsa na da tabo-tabo, ƙayoyinsa kuma sun ɗan lanƙwasa, ba su kai na ɗan'uwansa ƙwari ba. Tsawo kaɗai ba hujja ba ne, tunda kowane babban gilli ya taɓa zama ƙarami, don haka ni na fi dogara da ƙaya. In ta tabbata barnardi ne, kin ga abin da ba kowa ya taɓa gani ba: masani Paul Skelton ne ya bayyana shi a 1981, babu shi ko'ina sai a 'yan rafuka ƙalilan irin su Thee da Noordhoeks, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Abin da ya rage yawansa shi ne kifin bass da aka shigo da shi daga Amurka, wanda ke cinye ƙananan kifaye, da janye ruwa domin ban-ruwan gonaki, da kuma yashe rafuka da buldoza, wadda ke kwashe duwatsun da yake fakewa.

Malam Mai Koma:
Ƙari a kan bayanin Malam: ki aika hoton ga CapeNature, hukumar kare halittu ta lardin Western Cape, ko SAIAB, cibiyar binciken halittun ruwa da ke garin Makhanda, tare da ranar da kika gan shi da sunan rafin, amma kada ki wallafa takamaiman wurin a fili.

Ɗalibar Halittu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ƙara girman hoton, amma fiffiken bayan a kwance yake, ƙayar ba ta fito ba. Zan tambayi abokin tafiyata ko ya ɗauki wani daga gefe kafin in aika musu.