Sanyi ya wuce, zan dawo da dokina kilisa, ta ina zan fara?

Mai_Akawal:
Salam 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a harkar doki. Wata 4 kenan ban ɗora wa dokina sirdi ba saboda sanyi da caɓi, yana barga sai ɗan zagayen da nake yi da shi da ragama, yanzu kuma gari ya fara ɗumi rana ta ƙara tsayi ciyawa ta tsiro shar ko'ina, wlh duk sanda na leƙa fili ji nake kamar in haye in sakar masa linzami kawai. Jiya na gwada, ko minti 20 ba mu yi ba ya jiƙe sharkaf yana haki, kuma kafin nan sai da ya yi min tutsu sau biyu, abin da bai saba ba. Gashin jikinsa ma sai zuba yake. Lafiya kuwa? Sannan zan iya sakinsa ya wuni a sabuwar ciyawar nan? Yadda yake miƙa wuya yana kallonta tausayi yake ba ni.

Tsohon_Barga:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka bar maganar hawa tukuna, ciyawar nan ita ce abin tsoro. Kar ka sake shi ya wuni a kai. Ɗanyar ciyawa sabon tsiro sukari ne cike da ita, cikin dokinka kuwa wata da watanni busasshiya ya saba da ita, in ya cika tumbi da ita lokaci ɗaya ko ciwon ciki ya kama shi, kuma ka san doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga kenan, ko kuma ya sauka a kofato, ciwon nan da likitoci ke cewa laminaitis. Na taɓa ganinsa a wata goɗiya tawa, ta tsaya ta miƙe ƙafafun gaba ta jingina nauyinta baya, kofaton zafi rau, taku ɗaya sai da lallashi. Wata 3 muna jinya, har yau in na tuna raina ɓaci yake don ni na sake ta.
Ka fara ba shi ingirici ya ci ya rage yunwa, sannan ka kai shi kiwo minti 15 zuwa 20, kullum ka ɗan ƙara, sai bayan sati 2 ko 3 ya kai awanni. In mai ƙiba ne ka ƙara jan lokacin. Kullum da safe ka dafa kofatonsa da hannu, in ka ji zafin da ba ka saba ji ba kira likitan dabbobi a ranar, kar ka ce bari mu ga gobe.

Uwar_Gunya:
Baba ya gama magana kan ciyawa. Zubar gashi kam ba ciwo ba ne yayana, rigar sanyi yake tuɓewa, tsawon rana ne ke sa shi, ka dage da buroshi kawai. Shi ma gumin har da wannan gashin. Tutsun ne nake so ka bincika, ka duba sirdin? Doki in ya yi watanni a zaune bayansa canzawa yake, sirdin da ya zauna masa daidai bara yana iya matsa shi bana. Ka shafa gadon bayansa kana ɗan dannawa ka ga ko zai noƙe. Ka duba majayi da igiyar likkafa ma, fata in ta daɗe a ajiye tsagewa take.

Dan_Sassarfa:
Gsky ni ina ganin tutsun ɗoki ne kawai, nawa ma haka yake duk farkon fita, iska ta kaɗa shi ya ji ƙamshin fili. Amma sukuwa a'a. Ni sati 2 na farko tafiya zalla nake yi, minti 20 zuwa 30, sai in fara sa sassarfa kaɗan kaɗan, sukuwa sai wajen sati na 6, saboda numfashi da tsoka suna saurin dawowa amma jijiyoyin ƙafa su ne ke ɗaukar lokaci, ga ƙasa har yanzu da santsi. In kun dawo ya huta ka ƙirga bugun zuciyarsa, na doki mai lafiya a hutu wajen 28 zuwa 44 ne a minti. Yaushe rabon da a gyara masa kofato? Duk sati 6 zuwa 8 ya kamata. Kuma hular kwano fa malam, ko zagayen gida za ka yi.

Mai_Akawal:
Kai Allah ya saka da alheri. Baba wlh da gobe na yi niyyar sakinsa, na fasa. Anti na je na danna bayan yanzun nan, ta ɓangaren hagu kusa da kafaɗa yana noƙewa har da kwantar da kunne, to sirdin zan ajiye sai an duba shi. Kofato kuma sati 10 kenan, na kira mai gyara zai zo jibi. Kafin nan da ragama zan riƙa jansa muna takawa da ƙafa.