Aikin sa kai a ƙauyukan Girka: abin da aka tattaro

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan zuwa aikin sa kai a ƙauyukan Girka, inda ake aiki a musayar abinci da masauki.

1. Biza. Kowa ya yarda ita ce farko. Girka tana cikin Shengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya), gajeriyar biza kwana 90 ce cikin 180, kuma sai da inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000. Inda aka rabu: wasu na ganin bizar yawon buɗe ido ta isa, masu yawa suka ce aiki a musayar abinci da masauki na iya zama aiki a idon hukuma. A tambayi ofishin jakadanci a rubuce.

2. Lokaci. Tsinkar zaitun a tsibirin Kirit da yankin Kalamata daga Nuwamba zuwa Janairu ne. Ana shimfiɗa raga ƙarƙashin bishiya, a kakkaɓe rassan, a tsince ganye, a zuba a buhu. Buhun da ya wuce kwana biyu bai je injin matsa ba, zaitun ya ɗumama, mai ya lalace. Safar hannu da takalmin ruwa dole ne.

3. Yarjejeniya. Awa 5 a rana, kwana 5 a mako, haka aka saba. A rubuta tun kafin tashi.

4. Abinci. Giros da suflaki, gasassun naman da Girkawa ke ci, galibi naman alade ne. A nemi "nistisima", abincin azuminsu marar nama.

5. Motar KTEL, wato bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa, ba kullum take shiga ƙananan ƙauyuka ba. Lambar gaggawa 112.

Wani abin ban dariya: "ne" a bakinsu "eh" ne.